Kowa Da Kiwon Da Ya Karɓe Shi: Darasi A Kan Zaɓen Fannin Karatu Da Sana'a

Darasinmu na wannan fitowa a kan wata tambaya yake, wadda kowane ɗalibi zai gamu da ita ko ba jima ko ba daɗe, ita ce: me zan karanta, kuma wace sana'a zan riƙe? To ka sani, ya kai ɗalibi, ke ma ɗaliba ki sani, amsar wannan tambaya tana farawa ne daga sanin halinka, wato irin ɗabi'ar da kake da ita da irin aikin da ranka ke sakewa a cikinsa.

Bari in fara da abin da na gani da idona. Akwai wani yaro da na taɓa koyarwa, duk ranar da lasifikar makaranta ta lalace shi ake nema. Rediyon maƙwabta, fitila, fanka, babu wanda bai kwance ya mayar ba. Amma mahaifinsa ya ce shi likita yake so a gidansa. Yaron nan sau uku yana zana jarrabawar shiga jami'a yana neman likitanci bai samu ba, shekara uku ke nan suka tafi, ga kuɗin fom ga ɓacin rai, har ya fara ganin kansa daƙiƙi. Daga baya aka bar shi ya tafi kwalejin fasaha ya karanci aikin lantarki. Yau shi ke haɗa wa mutane wutar sola, da yaransa na aiki. Ranar da mahaifin ya zo wurina cewa ya yi, "Malam, ashe ni na tsare masa hanya." Ba mugunta ta sa ya yi haka ba, ƙauna ce wadda ba ta tsaya ta dubi halin yaron ba.

Abin da magabata suka ce

Kada ka ɗauka wannan magana sabuwa ce. Ibnu Sina, likitan nan masani wanda ya rasu a shekarar 1037, ya yi bayani a cikin Kitabus Siyasa cewa ba kowace sana'a ce yaro zai iya ba don kawai an so masa ita, sai wadda ta dace da ɗabi'arsa. Saboda haka ya ce mai tarbiyya ya fara auna halin yaro da basirarsa kafin ya zaɓa masa. Haka nan Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a Dimashƙa a 1350, ya nuna a cikin Tuhfatul Maududi cewa uba ya lura da abin da ɗansa ya karkata gare shi. In mai fahimta ne da hadda a sa shi hanyar ilimi, in hankalinsa na wajen hawan doki da harbi a bar shi a can, in kuwa wata sana'a ce ta halal mai amfanar mutane a ba shi dama, bayan ya san abin da ya wajaba a kansa na addini.

Kashi shida na halayen mutane

A zamanin nan masana halayyar ɗan Adam sun tsara wannan magana. Wani masani ɗan Amurka mai suna John Holland ya fito da ra'ayinsa a shekarar 1959, inda ya kasa mutane da ayyuka gida shida. Ga su, kai kuma ka riƙa duba kanka:

1. Mai aikin hannu. Yana son kwancewa da haɗawa, ba ya son dogon zama. Irinsa ne injiniya da makanike da mai aikin lantarki da manomi da magini.

2. Mai bincike. Kullum tambayarsa "me ya sa?", kuma yana iya zama shi kaɗai a kan matsala ɗaya har ya warware ta. Irinsa ne likita da mai awon jini a ɗakin gwaji da masanin lissafi.

3. Mai ƙirƙira. Yana son rubutu da zane da tsara abu sabo, ƙa'ida mai yawa tana takura shi. Irinsa ne marubuci da mai zanen gine-gine da tela mai fito da sabon ɗinki.

4. Mai hidimar jama'a. Yana jin daɗin koyarwa da jinya da sauraron damuwar wani. Irinsa ne malami da nas da ungozoma.

5. Mai jan ragama. Bakinsa na da kaifi, ya iya shawo kan mutane, ba ya tsoron ciniki. Irinsa ne ɗan kasuwa da lauya da shugaban ma'aikata.

6. Mai tsari. Littafinsa tsaf, lissafinsa daidai, yana son aikin da ke da ƙa'ida sananniya. Irinsa ne akanta da akawu da ma'aikacin banki.

Shi kansa Holland bai ce mutum gida ɗaya kawai yake ba. Cewa ya yi kowa gauraye ne, sai dai akwai halaye biyu ko uku da suka fi rinjaye a kansa. Misali, yarinyar da ta haɗa son bincike da tausayin marar lafiya, to aikin asibiti ya dace da ita, kuma kun san yadda iyayenmu mata ke bukatar likitoci mata da ungozomomi a garuruwanmu.

Hattara da gwajin waya

Yanzu a intanet akwai gwaje-gwaje barkatai da za a yi maka tambayoyi a ce ga irin halinka. Mafi shahara shi ne na Myers-Briggs, wanda wata mata da 'yarta suka tsara a Amurka a shekarun 1940, yana kasa mutane gida 16. Babu laifi ka gwada don ya sa ka yi tunani, amma kada ka ɗauke shi hukunci. Masana da yawa sun soke shi, domin mutum ɗaya yakan yi shi yau ya sami sakamako, bayan 'yan makonni ya sake ya sami wani dabam. Ko tsarin Holland ɗin ma, abin da bincike ya nuna shi ne dacewar hali da aiki tana taimakawa wajen jin daɗin aiki da dagewa a karatu, amma ba ita kaɗai ke yanke magana ba. Shaidar da ta fi ƙarfi ita ce aikinka na yau da kullum. Wane aiki ne kake yi har lokaci ya wuce ba ka sani ba? Wane abu ne 'yan ajinku ke zuwa wurinka ka taimake su a kai? Wane darasi ne kake ci ba tare da an bi ka da bulala ba? Tambayi mahaifiyarka, tambayi malaminka, domin sau da yawa sun riga ka ganin abin da ke cikinka.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Yawancin ɗalibai suna tsammani sai an gama sakandare ake wannan tunani. Kuskure ne babba. A Nijeriya tun daga shiga babbar sakandare ake raba ɗalibai, wasu ajin kimiyya, wasu ajin adabi, wasu ajin kasuwanci, kuma wannan rabo shi ke buɗe wata ƙofa ya rufe wata. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, darussa huɗu take sa a zana, Turanci dole, sauran ukun kuma gwargwadon fannin da kake nema. Mai son likitanci sai ya zana Bayoloji da Kemistiri da Fiziks, wanda kuwa bai yi su a sakandare ba babu yadda zai yi. Mai son lauya yana bukatar adabin Turanci. Saboda haka ɗan aji uku na ƙaramar sakandare shi ya fi kowa bukatar wannan darasi.

Sa'an nan ka lissafa shekaru da ƙarfin gidanku. Likitanci shekara 6 ne a jami'a. Injiniya shekara 5. Lauya shekara 5, bayan haka a tafi makarantar horar da lauyoyi. Kwalejin ilimi shekara 3 ce a sami NCE. A kwalejin fasaha kuwa shekara 2 ake yi a sami ƙaramar difloma, a yi shekara guda ta koyon aiki, a koma shekara 2 don babbar difloma. Ku kuma masu ƙarfi a Larabci, kada ku ce ba ku da rabo. Akwai jarrabawar hukumar NBAIS, kuma a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano ana karanta lauya haɗe da Shari'a.

Kada lalaci ya fake da hali

Wani zai karanta wannan ya ce, "To ni lissafi ba halina ba ne," ya rufe littafi. A'a. Akwai bambanci tsakanin abin da ka gwada da gaske na tsawon lokaci ka ga ranka bai karɓe shi ba, da abin da ka guje wa don wuya. Babu sana'ar da ba ta da ɗaci, makanike ma sai ya yi awo, ɗan kasuwa sai ya yi lissafi. Kuma a shekarunku hali bai gama zama ba, mai kunya yau yakan zama mai magana gaban jama'a gobe in ya sami horo. Hali jagora ne a wajen zaɓe, amma ƙoƙari ne ke kai mutum.

Ku kuma iyayenmu, Allah ya saka muku da alheri, muna roƙonku ku dubi yaro kafin ku dubi sunan aiki. Don ɗan wane ya zama likita ba dole naku ya zama ba. Ku zauna da shi, ku ji ta bakinsa, ku kai shi ya wuni wurin mai irin sana'ar da yake so ya ga zahirinta. Al'umma tana bukatar likita, tana kuma bukatar wanda zai gyara injin asibitin.

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya rubuta halaye biyu daga cikin shidan nan da yake ganin sun fi rinjaye a kansa, tare da dalili ɗaya daga abin da ya taɓa aikatawa. Sa'an nan ya tambayi mahaifinsa ko mahaifiyarsa su faɗi nasu ganin, ya rubuta a ƙasa. In amsoshin sun saɓa, ku kawo mini mu tattauna a aji.

Allah ya yi muku zaɓi mafi alheri, ya sa albarka a karatunku.