Darasin Fiƙihu: Haƙƙin Ɗan Haya Idan Mai Gida Ya Ce Ya Tashi

 Ya ƴan'uwa Musulmi, da yawa daga cikin masu sahu a masallatanmu na Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa a gidan haya suke kwana, wasunmu kuma su ne masu gidajen. Rigimar tashi daga gida takan raba zumunci, ta bar mata da yara da kayansu a bakin titi, alhali malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun warware mas'alolinta tun da daɗewa.

Asalin hukunci

Haya ciniki ce ta amfani. Mai gida ya sayar wa ɗan haya zaman gidan na wani lokaci a kan kuɗi sananne, gidan kuma yana nan a matsayin mulkinsa. Saboda haka muddin lokacin bai ƙare ba, zaman gidan haƙƙin ɗan haya ne, kamar yadda buhun hatsin da mutum ya saya yake nasa. Allah Maɗaukakin Sarki ya umurci muminai da cika alkawura a aya ta 1 ta Suratul Ma'ida, haya kuwa tana cikinsu. Ko shiga gidan ma bai halatta ga mai shi ba sai da izinin mazauninsa, domin umurnin neman izini da ke aya ta 27 ta Suratun Nur bai keɓe kowa ba.

Haya iri biyu ce

Ta farko ita ce mai yankakken ajali, kamar a ce an ba da gida shekara 1 daga watan kaza zuwa watan kaza. Wannan ta lazimci kowa. Mai gida ba shi da ikon fitar da ɗan haya ko ƙara masa kuɗi kafin ajali ya cika, ko da wani ya zo da tayin da ya fi. Ɗan haya shi ma in ya tashi don ra'ayin kansa, sauran kuɗin yana wuyansa.

Ta biyu ita ce ta wata-wata, kamar a ce kowane wata jika 15, ba a ambaci ƙarshe ba. A mashhurin mazhaba kowane ɗayansu yana iya warware ta, sai dai abin da aka biya tun gaba ya zama lazimi. Wanda ya ba da kuɗin wata 6 a dunƙule ba a tashinsa sai watannin sun cika. Ko a wannan irin ma, sharaɗin sanarwa da aka yi tun farko, ko wanda al'ada da dokar ƙasa suka tabbatar, wajibi ne a kiyaye shi, domin shari'a ta hana cuta da cutarwa.

Abubuwan da ba su warware haya mai ajali

Na ɗaya, mutuwa. Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, mai Risala, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya bayyana cewa haya ba ta warwarewa don mazaunin gida ya mutu. Magada su ne ke gadon sauran zaman. Haka nan in mai gida ne ya rasu, magadansa ba su da ikon korar ɗan haya don su yi rabon gado. Matar da mijinta ya rasu kuwa, in ya riga ya biya kuɗin hayar, a ɗakin za ta yi takabarta ta wata 4 da kwana 10.

Na biyu, sayar da gida. Wanda ya saya ya sayi gidan ne da alkawarin da ke kansa. In an ɓoye masa zancen hayar, mai sayarwa zai tuhuma.

Na uku, mugun halin ɗan haya. Shehu Halil ya ambata a Mukhtasar cewa fasiƙancinsa ba ya warware haya da kansa. Ana kai shi gaban alƙali, in ya ƙi dainawa alƙali ya fitar da shi, ya ba wani hayar gidan a madadinsa.

Amma in gida ya rushe, kamar yadda kan faru da gidajen ƙasa da damina, haya ta warware, kuma a mayar wa ɗan haya kuɗin kwanakin da bai zauna ba.

Idan ɗan haya ya kasa biya

Kuɗin haya bashi ne, jinkirta shi ga mai hali zalunci ne. Wanda ke cikin ƙunci kuwa, aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umurni da a saurara masa har ya samu sauƙi, ta kuma kwaɗaitar da yafewa. Wannan ba ya nufin ya ci gaba da zama kyauta har abada. Mai gida yana da haƙƙin neman gidansa, amma ta hannun alƙali. Cire ƙyaure, da kware rufi, da yanke ruwa ko wuta, da kulle ɗaki da kayan mutum a ciki, duk ɗaukar hukunci ne da hannu, kuma abin da ya ɓata a sanadin haka sai mai gida ya biya.

Masu hayar shago da wurin sana'a su sani cewa dokar kasuwanci ta OHADA, wadda aka sabunta a Lome a shekarar 2010, ta wajabta a fara aika wa ɗan haya takardar gargaɗi, a ba shi wata 1 ya gyara, sa'an nan a tafi gidan shari'a. In hayar ba ta da ajali, wanda ke son warwarewa sai ya ba da sanarwar wata 6.

Nasiha

Ya kai ɗan haya, ka rubuta yarjejeniya gaban shaidu 2, a ambaci kuɗi da ajali da wanda gyara ke kansa. Kada ka ba da ko dala ba tare da takardar shaidar biya ba. Gidan amana ne a hannunka: ba ka biyan abin da tsufa ya lalata, amma kana biyan abin da sakacinka ya ɓata. In saɓani ya taso, ka fara da liman da mai unguwa, domin sulhu alheri ne. In ya faskara ka tafi ga alƙali, kuma kada ka daina biyan abin da ke kanka saboda fushi, don kada ka mayar da gaskiyarka laifi.

Ya kai mai gida, ka tuna cewa Wanda ya ba ka gidan zai tambaye ka yadda ka yi da wanda ya fake a cikinsa.

Allah ya sa mu cikin masu cika alkawari, ya tsare mu daga cin haƙƙin bayinsa. Allah shi ne Mafi sani.