Awara Bayan Ta Shiga Ciki

A jikin kowane mutum, mace ko namiji, akwai wani sinadari da ake kira isturojin. Ya fi yawa a jikin mata, inda yake tsara jinin al'ada, yake kuma kare ƙarfin ƙashi. Wasu tsirrai ma suna da sinadarin da ya yi kama da shi, sai dai ƙarfinsa bai kai ko kusa da na jiki ba. Waken soya, wanda da shi ake yin awara da madarar soya, yana cikin waɗanda ke kan gaba. Riɗi ma yana da nasa nau'in.

A wajen dabbobi aka fara lura da haka. A shekarun 1940, tumaki a yammacin Ostireliya suka rage haihuwa sosai. Da aka bincika, sai aka tarar wata ciyawa ce mai suna kuloba, mai ɗauke da irin wannan sinadarin, wadda suke kiwo a kanta safe da yamma.

To, in mutum ya ci awara, me ke faruwa? A cikin waken, sinadarin yana manne da sukari, kuma a haka jini ba ya iya ɗaukarsa. Sai ya isa hanji tukuna a cire masa sukarin, sannan ya shiga jini. Daga nan hanta ta gyara shi yadda zai narke a ruwa, ƙoda ta tace shi, ya fita ta fitsari. Mafi yawansa ba ya wuce kwana guda a jiki.

Amma ga inda mutane suka bambanta. A hanjin wasu akwai ƙananan ƙwayoyin halitta masu juya wani ɓangare na sinadarin ya zama ikwol, wanda ya fi na asalin ƙarfi. An fara gano ikwol a 1932 a fitsarin goɗiya mai ciki. A ƙasashen Turai da Amurka, kusan mutum 1 cikin 3 ko 4 ne jikinsa ke yin sa; a Japan da Koriya kuwa kusan rabin mutane ne. Wato miji da mata za su iya cin awara a kwano ɗaya, abin da ya shiga jininsu ya sha bamban. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ma yakan taɓa waɗannan ƙwayoyi masu amfani, abin da ya kamata masu sayen kafso ba tare da likita ya rubuta ba su sani.

Masana suna gano duk wannan ne a ɗakin gwaje-gwaje. Ana tara fitsarin mutum na awa 24 a mazubi mai tsabta, ko a ɗebi jini. Sai a zuba wani sinadari, wanda galibi daga cikin dodon koɗi ake samo shi, ya warware gyaran da hanta ta yi wa sinadarin soyar. Daga nan a tura ruwan cikin siririn bututu mai rarrabe sinadarai ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda rariya ke raba gari da tsaki. A ƙarshen bututun wata na'ura tana auna nauyin kowanne, ta nuna sunansa da yawansa.

Da gwajin jini aka duba maganar da ake yawan ji cewa awara tana rage wa maza ƙarfi. An tattara gwaje-gwaje masu yawa a 2010, aka sake a 2021, ba a ga cin waken soya ya rage sinadarin mazantaka ba. Magidanci ya ci awararsa da yaji hankali kwance. Macen da ke jinyar kansar nono kuwa, ko mai shan maganin maƙoƙo, ta nemi shawarar likita kafin ta sha ƙwayoyin sinadarin soya da ake sayarwa a kemis.