Darasi Kan Jarrabawar Turanci

'Yan'uwa, 'ya'yanmu na sakandare a Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar suna fuskantar jarrabawar WAEC, wadda aka kafa a 1952, ko ta NECO, wadda aka kafa a 1999. Wanda bai sami kiredit a Turanci ba, shiga jami'a za ta gagare shi. Ana gwada nahawu, kalmomi, insha'i, taƙaitawa da furuci. Mu lura da furuci ƙwarai, gama Hausa ba ta raba "p" da "f", sai yaro ya ji "pan" da "fan" ɗaya ne, ya zaɓi amsar da ba daidai ba. Saboda haka mu sa yara su riƙa karatu da babbar murya kowace yamma, wanda ya iya yana saurara yana gyara musu.