Amsoshin Tambayoyinku: Zawon Maraƙi da Ba Ya Jin Allura

Wani mai sauraronmu daga Zangon Tamale, mahauci kuma mai kiwo, yana tambaya: me ya sa maraƙi ke zawo, a yi masa allura, amma shiru?

To Malam, ɗaya daga cikin masu jawo wannan ita ce salmonella, ƙwayar cuta mai zama a hanjin shanu. Masu bincike a jami'ar UDS, reshen Nyankpala, sun same ta a naman da ake sayarwa nan Tamale, wasunta ba sa jin wasu magunguna.

Taurin kan nan yakan fito daga wani ɗan zoben gado da ke cikinta, ana kiransa filasmid. Abin da ke tayar mini da hankali, ƙwayar kan miƙa wa maƙwabciyarta zoben ta wani siririn zare, ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Likitocin Japan ne suka gano haka a 1959. Duk sanda ka yi wa sa rabin allurar oksitetirasaikilin, raunana sun mutu, masu zoben sun samu fili.

Don Allah a kira likitan dabbobi, a cika adadin maganin, a jira kwanakin da aka rubuta jikin kwalba kafin yanka ko tatsa. Wuƙar da ta taɓa hanji kuwa, a wanke ta da sabulu kafin ta hau tsoka.