Ina Wasiƙa Take Zuwa Bayan An Goge Ta?

A manyan kamfanoni, wasiƙun imel na ma'aikata ba a kwamfutar kowane mutum kaɗai suke zaune ba. Akwai wata babbar kwamfuta da ake kira uwar garke, wadda ke karɓar wasiƙun ta adana su. Ɗaya daga cikin manhajojin da ke gudanar da wannan aiki ita ce Exchange, wadda kamfanin Microsoft ya fara fitarwa a 1996.

A wannan manhaja, gogewa hawa uku ce. Da farko wasiƙar takan faɗa kwandon shara, inda mai ita yake ganinta, kuma yana iya mayar da ita. Idan ya zubar da kwandon, sai ta koma wani ɓoyayyen ma'aji, ta zauna can na wani wa'adi. In ba a sauya tsarin ba, wa'adin kwana 14 ne. Muddin bai cika ba, ana iya ceto wasiƙar. Da zarar ya cika, na'urar da kanta za ta share ta, kuma daga nan ba a samunta sai a kwafin ajiya, in har an yi shi.

Mai kula da uwar garken ne yake da ikon tsawaita wa'adin ko gajarta shi. A Exchange Online, wato nau'in da Microsoft ke gudanarwa ta intanet, iyakarsa kwana 30.

To, me ya sa ba a barin wasiƙu har abada? Dalili na farko shi ne wuri, domin ma'ajin kowane ma'aikaci yana da iyaka, wadda a tsarin asali gigabait 30 ce. Na biyu shi ne doka. Dokar kare bayanan jama'a ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a 2018, ta hana riƙe bayanan mutum fiye da lokacin da ake buƙatarsu.

Gajeren wa'adi shi ma yana da nasa haɗari. Ma'aikacin da ya goge takardar kwangila bisa kuskure, sannan ya tafi hutun wata guda, zai dawo ya tarar bakin alƙalami ya bushe. Haka kuma hukuma na iya neman tsofaffin wasiƙu. A 2006 bankin Morgan Stanley na Amurka ya amince ya biya tarar dala miliyan 15, saboda ya kasa miƙa wa masu bincike wasiƙun da suka nema. Don kauce wa irin wannan, tun daga Exchange ta 2010 ana iya ɗaure akwatin ma'aikaci idan shari'a ta taso, ta yadda ko ya goge wasiƙa, na'urar ba za ta share ta ba sai an kwance ɗaurin.

Aikin ɗalibai: an zubar da kwandon shara ranar 3 ga wata, wa'adi kuma kwana 14 ne. Wace rana ce wa'adin zai cika? Wane wa'adi ne ya dace da makarantar da ke tafiya hutun mako shida, kuma me ya sa?