Irin Muhallin Da Kotu Ke Nema Kafin Ta Mayar Wa Iyaye Ɗansu

Idan hukuma ta ɗauke yaro daga hannun iyayensa saboda ana tsoron wata cuta za ta same shi, ba a yi haka domin a raba su har abada ba. Abin da doka ke so shi ne yaron ya koma gida da zarar gidan ya zama wurin da zai zauna lafiya. To, wane irin gida ake nufi? Mutane da yawa suna zaton sai wanda ya gina nasa na kansa, ko ya kama sashe mai ɗaki uku da famfo da lantarki, shi kaɗai kotu za ta saurara. Wannan zato kuskure ne, kuma yakan sa iyaye su karaya, su daina zuwa kotu, yaro kuwa ya yi ta zama a gidan reno shekara da shekaru alhali yana da uwa da uba a raye. Kotu ba ta neman gidan mai kuɗi. Abin da take nema shi ne wurin zama tabbatacce, wanda haɗarin da ya sa aka ɗauke yaron ya riga ya fita daga cikinsa.

Abin da doka ta tanada

A shekarar 2003 Gwamnatin Tarayya ta kafa Dokar Kare Haƙƙin Yara. Tana aiki kai tsaye a Birnin Tarayya, Abuja, jihohi kuwa kowace ta kafa tata bisa tsarinta: Legas a 2007, Kaduna a 2018, Kano a 2023. Dokokin jihohin sun ɗan sha bamban da juna a wasu wurare, saboda haka ya kamata mutum ya tambayi yadda abin yake a jihar da yake zaune. A ƙarƙashin dokar tarayya, yaro shi ne duk wanda bai cika shekara 18 ba. Sashe na 1 ya ce a kowace shawara da ta shafi yaro, abin da ya fi masa alheri shi za a sa gaba. Sashe na 14 kuma ya tabbatar wa yaro haƙƙin samun kulawar iyayensa, ya hana a raba shi da su sai da dalilin da doka ta yarda da shi. Sashe na 149 ne ya kafa Kotun Iyali, wadda ke zama a mataki biyu, watau na majistare da na babbar kotu.

Kotu ba ta ba hukuma riƙon yaro sai ta gamsu cewa yana cutuwa ƙwarai, ko akwai alamar zai cutu, kuma cutar ta samo asali ne daga irin kulawar da yake samu, ko kuwa ya fi ƙarfin iyayensa. Daga nan mai karatu zai gane ma'aunin da za a yi amfani da shi ran da iyaye suka dawo neman ɗansu. Dokar ba ta ƙayyade yawan ɗakuna ba, ba ta kuma ce sai mutum ya mallaki gida ba. Tambayar alƙali guda ce: abin da ya faru da farko, zai sake faruwa a wannan gida ko kuwa a'a?

A lura kuma, wannan magana dabam take da rigimar riƙon 'ya'ya tsakanin miji da mata bayan aure ya mutu, wadda kotunan shari'ar Musulunci, ko na gargajiya, ko babbar kotu ke yankewa gwargwadon irin auren da aka yi. A nan muna magana ne a kan yaron da hukuma da kanta ta karɓa.

Ran da jami'i zai zo duba gida

Kafin kotu ta yanke hukunci takan nemi rahoto daga jami'in jin daɗin jama'a, wanda zai zo ya ga gidan da idonsa, wani lokaci fiye da sau ɗaya. Kada a ɗauke shi abokin gaba, kada kuma a yi masa kwalliyar rana ɗaya. Aron kujeru da darduma daga maƙwabta ba ya ƙara kome a rahoto, jami'in da ya san aikinsa kuwa ba falo zai tsaya kallo ba, zai wuce ne ya tambayi inda yaron zai kwana.

Wurin kwana shi ne farkon abin dubawa. Ana son ɗaki mai rufin da ba ya yoyo, mai taga wadda iska ke shiga, da ƙofa mai rufuwa, da shimfiɗar yaron ta kansa, ko da tabarma ce da katifa ƙarama, da gidan sauro a kai. A ma'aunin hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsugunan jama'a, ɗaki ya yi cunkoso idan fiye da mutum 3 ke kwana a cikinsa. Kowa ya san cewa a Agege ko Idi-Araba ko Sabo ta Ibadan ko Nyanya iyalai masu yawa sun wuce wannan adadi, kuma ba wanda zai ce dukansu ba su cancanci riƙe 'ya'yansu ba. Amma cunkoso yana da illarsa ta gaske: tarin fuka da ƙyanda da sanƙarau sun fi saurin yaɗuwa inda mutane ke kwana a matse ba iska. Ban da wannan akwai maganar sutura. Yarinyar da ta fara girma bai kamata ta kwana wuri ɗaya da maza ba, ko da 'yan'uwanta ne, kuma addini da al'adarmu sun riga doka faɗin haka, tun da an hori Musulmi su raba wa yara shimfiɗa idan sun kai shekara 10. Inda ɗaki ɗaya ne kawai, labule mai kauri ko allon katako da ya raba ɗakin, ko shirin da aka yi yarinyar ta riƙa kwana a ɗakin kakarta ko gwaggonta a cikin gidan, abu ne da za a nuna wa jami'i a yi masa bayani.

Sai ruwa da makewayi. Ba dole ne a sami famfo a tsakar gida ba, amma dole a nuna inda ake samun ruwan sha mai tsabta, da randa ko jarka mai murfi da ake ajiye shi. Idan rijiya ce a gidan, lalle ta kasance da baki mai tsawo da murfi mai nauyi wanda yaro ba zai iya ɗagawa ba, kuma masana tsabta suna son a bar tazarar mita 30 tsakaninta da masai. Masai kuwa ya zama mai murfi, mai ƙyaure, wanda bakinsa bai yi faɗin da ƙaramin yaro zai zurma ba. A gidajen haya masu ɗakuna a jere suna fuskantar juna, inda mutum ashirin ko talatin ke amfani da makewayi ɗaya a can ƙarshen gida, jami'i zai so ya ji wanda ke raka yaro idan ya tashi da dare.

Wuta da guba su ne abin da iyaye suka fi mantawa, alhali su suka fi saurin kisa. Kada a yi girki da risho ko gawayi a ɗakin kwana da ƙofa a rufe. Kada a ajiye kalanzir ko fetur a kwalbar lemo, domin yaro mai ƙishirwa ba ya tsayawa ya sansana. Janareta kuwa wurinsa waje, nesa da taga, saboda hayaƙinsa yana ɗauke da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, tana iya kashe iyali sukutum suna barci. Haka nan mai sana'a a cikin gida ya dubi abin da sana'arsa ke bari a ƙasa inda yara ke rarrafe. A shekarar 2010, a wasu ƙauyukan Jihar Zamfara, yara fiye da 400 suka rasu saboda gubar dalma, dalili kuwa shi ne ana daka duwatsun zinariya a tsakar gida, ƙurar ta gauraya da ƙasar da yaran ke wasa a kai. Mai fasa tsofaffin batura, da mai sayar da maganin feshi, da mai ajiye fetur na sayarwa, duk wannan gargaɗi ya shafe su.

Su wa ke zaune a gidan?

Gida ba bango da rufi kaɗai ba ne, kuma a nan ne shari'u da yawa ke tsayawa. Idan an ɗauke yaro ne saboda wani ya yi masa mugun duka, ko ya yi lalata da shi, to, muddin mutumin nan yana gidan, ko yana shiga yana fita yadda ya ga dama, ko an sāke rufin gidan da sabon kwano ba abin da zai canja. Wannan yakan yi wa iyaye nauyi, musamman idan mai laifin ƙanin miji ne, ko kishiya, ko ɗan mai gidan hayar, ko ma uban da kansa. Sau da yawa dangi kan taru su ce a rufa asiri, ai ya tuba. Kotu ba za ta aza ran yaro a kan wannan alkawari ba. Uwar da ta bar gidan ta koma wurin iyayenta ko yayanta, ko da ɗaki ɗaya aka ba ta, ta fi kusa da samun ɗanta bisa ga wadda ta zauna a babban gida tare da wanda ya cuce shi. Dokar hana cin zarafin jama'a ta 2015, da irinta da jihohi suka kafa, ta ba kotu ikon ba da umurnin kariya wanda zai hana mai laifi kusantar wanda ya zalunta.

Jami'i zai kuma tambayi wanda ke kula da yaron idan iyaye sun fita nema. Ɗan dako a kasuwar Mile 12 ko mai gadin dare a Fatakwal ba a ce ya bar aikinsa ba, amma ya faɗi sunan babban mutum amintacce da zai zauna da yaron, a kuma iya ganinsa a yi magana da shi. Barin ɗan shekara 4 a hannun 'yar shekara 8 tun safe har magariba ba kulawa ba ce.

Zama da gindinsa

Yaron da aka riga aka tumɓuke sau ɗaya ba a son a sake tumɓuke shi. Saboda haka kotu tana son hujjar cewa iyalin za su daɗe a inda suke. Mai haya ya adana rasit na kuɗin haya da takardar yarjejeniya, idan akwai. Ya kuma san haƙƙinsa. Dokar Haya ta Jihar Legas ta 2011 ta tanadi cewa, idan babu wata yarjejeniya da ta faɗi dabam, mai biya shekara-shekara a ba shi notis na wata 6, mai biya wata-wata kuma notis na wata 1, bayan haka sai wani na kwana 7 kafin mai gida ya kai ƙara. Irin wannan tsari ne ake bi a Abuja. Mai gida ba shi da ikon ya watsar da kayan ɗan haya ko ya cire masa rufi da ƙarfi, sai da umurnin kotu.

Wanda ke zaune a gidan gado ko gidan ɗan'uwa, ba rasit a hannunsa, sai ya zo da mai gidan ya yi shaida, ko ya karɓo takarda daga mai unguwa, ko Sarkin Hausawan garin, ko limami, ko shugaban cocinsa. Kwana a shago, ko a tasha, ko a kangon da ake gadi wanda mai shi zai iya cewa a tashi gobe, da wuya a karɓe shi a matsayin mazaunin yaro. A nuna kuma makarantar da zai shiga da asibitin da ya fi kusa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9, firamare da ƙaramar sakandare, kyauta a makarantun gwamnati.

Idan talauci ne ya tsaya a gaba

Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1991, wadda ta ɗora wa gwamnatoci taimakon iyaye marasa hali, gwargwadon ƙarfin ƙasa, a kan abinci da tufafi da muhalli. A 2009 kuma Babban Taron Majalisar ya karɓi wasu ƙa'idoji a kan yaran da ba sa hannun iyayensu, inda aka bayyana cewa talauci shi kaɗai bai isa dalilin ɗauke yaro ba, bai kuma isa dalilin hana shi komawa gida ba, alama ce dai ta cewa iyalin na bukatar tallafi. Saboda haka wanda abin da ya rage masa kuɗin haya ne ko gyaran rufi, ya faɗa wa jami'i a fili, ya roƙi a rubuta haka a cikin rahoto, ya tambayi irin taimakon da ofishin jin daɗin jama'a na jiha ko na ƙaramar hukuma zai iya yi. Dangi ma su tuna cewa ɗaki ɗaya da kawu ko baffa zai bayar yana iya zama abin da zai fito da ɗansu daga gidan reno.

Kafin gidan ya kammala, kada a yanke ziyara. Doka ta ba iyaye damar ganin ɗansu yana hannun hukuma, sai fa idan kotu ta hana, kuma yawan zuwansu yana cikin abin da za a duba. Idan an shirya, uwa ko uba na iya shigar da roƙo a Kotun Iyali a soke umurnin riƙon. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin Hukumar Ba Da Taimakon Shari'a, wadda aka kafa tun 1976 domin marasa hali, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Zaman Kotun Iyali ba na 'yan kallo ba ne, an kuma hana buga sunan yaron ko hotonsa a jarida. Alƙali zai saurari yaron idan ya kai munzalin faɗin ra'ayinsa, sa'an nan yana iya mayar da shi gida kai tsaye, ko ya mayar da shi tare da umurnin sa ido, watau jami'i ya ci gaba da leƙowa na wani lokaci yana ba iyalin shawara da taimako. A ranar zaman a zo da takardar haihuwar yaron, da katin rigakafinsa, da rasit na haya, da mutumin da zai yi shaidar gidan.