Darasi na 14: Jari da Kuɗin Magani

Mu mutanen Indabo yawancinmu da sana'ar hannunmu muke ci. Akwai tela, akwai maƙeri, akwai mai shayi, akwai mai ƙosai. Akwai kuma masu kai dabbobi kasuwar Wudil ran Juma'a. Ba mai biyanmu albashi a ƙarshen wata.

Ma'aikacin gwamnati in ya kwanta ciwo albashinsa bai tsaya ba. Mu kuwa ciwo sau biyu yake cinmu. Na farko, ciniki ya tsaya. Na biyu, ga kuɗin magani.

Mu yi lissafi. A ce tela yana samun naira 3,000 kullum. Zazzaɓi ya kwantar da shi kwana 10. Ya rasa naira 30,000 ke nan. Ya kuma biya naira 20,000 na allura da ƙwayoyi da kuɗin mota. Jimla naira 50,000. In ba shi da ajiya, sai ya taɓa jari, ko ya sayar da keken ɗinkin. Ya warke, amma sana'a ta mutu.

Wannan ba a garinmu kaɗai ba ne. A Nijeriya, cikin kowace naira 10 da ake kashewa kan lafiya, wajen naira 7 daga aljihun mutane take fitowa.

To, ga dabara uku.

1. Mu raba kuɗin magani da jari. Kowace ranar kasuwa mu jefa kaɗan cikin asusu, ko mu yi adashi dominsa.

2. Mu je asibiti da wuri. Ciwon kwana ɗaya ya fi na mako guda arahar magani. Mu kwana cikin gidan sauro, musamman da damina. Rigakafi ya fi magani.

3. Mu shiga taimakekeniyar lafiya. A 2016 Jihar Kano ta yi dokar kafa hukumarta. Mutane da yawa kan zuba kuɗi kaɗan kaɗan tun suna lafiya, wanda ciwo ya kama sai a yi masa magani daga ciki. Masu sana'a ma suna iya shiga. Mu tambayi malamin asibiti yadda ake rajista.

Tambayoyi

Ta hanya nawa ciwo ke cin mai sana'a?
Nawa tela ya rasa duka?
Don me za mu raba kuɗin magani da jari?